Emmanuel Ifeajuna: Gwarzon Da Aka Daina Ambaton Sunansa

A shekarar 1954, a birnin Vancouver na ƙasar Kanada, wani saurayi ɗan shekara 19 daga Anacha ya tsallake sanda mai tsayin ƙafa 6 da inci 8, wato mita 2.03, da takalmi a ƙafa ɗaya kawai. Da wannan tsalle Emmanuel Arinze Ifeajuna ya ci lambar zinare a gasar ƙasashen renon Ingila, ya zama baƙar fata na farko daga Afirka da ya ci zinare a babbar gasar wasanni ta duniya. Patrick Etolu na Yuganda ne ya zo na biyu, Nafiu Osagie na Najeriya ya zo na uku, a zamanin da ƙasashen nan biyu duk suna hannun Turawa.

Da ya dawo gida, Legas ta tarbe shi tarbar sarakai. Aka buga hotonsa a bangon littattafan rubutu na 'yan makaranta, yara a sassan ƙasar nan suka girma suna kallon sa yana shawagi a kan sanda. Ƙasar da ke neman 'yancin kai tana bukatar shaidar cewa ɗanta zai iya fin ɗan mai mulkinta, ga shi kuwa ta samu. Ba a yi wata-wata ba aka kira shi gwarzo, kuma a ranar babu wanda zai ce an yi kuskure.

An haife shi a 1935, ya yi sakandare a Dennis Memorial Grammar School da ke Anacha. Bayan nasararsa bai daɗe a fagen wasa ba. Ya shiga Kwalejin Jami'a ta Ibadan ya karanci kimiyya, inda ya yi suna a siyasar ɗalibai, ya ɗan koyar a Abeokuta, sannan ya shiga soja a 1960, cikin rukunin farko na masu digiri da suka sa kaki.

Zuwa farkon 1966 yana da muƙamin manjo, yana aiki a Legas a ƙarƙashin Birgediya Zakariya Maimalari, kwamandan birget ta biyu. Aikinsa shi ne riƙe ofishin maigidansa: umarni ta hannunsa yake fita, shi ya san inda kowace runduna take, shi ake kira idan wani abu ya taso da tsakar dare. Duk wanda ya taɓa zama na hannun daman wani babba ya san nauyin irin wannan kujera, domin kacokan amana ce.

A daren 15 ga Janairun 1966, Ifeajuna ne ya jagoranci ɓangaren Legas na juyin mulkin farko a Najeriya. Shi ya kai sojojin da suka ɗauke Firaminista Abubakar Tafawa Ɓalewa daga gidansa, wanda bayan kwanaki aka tsinci gawarsa a gefen hanyar Abeokuta. Labarin Maimalari kuwa ya fi ɗaci. Kamar yadda mafi yawan marubutan tarihin wannan dare suka ruwaito, birgediyan ya tsere daga gidansa da aka kai wa hari, yana tafe a ƙafa sai ya hango motar Ifeajuna. Ganin yaronsa ne, ya tsayar da shi yana zaton ceto ya zo. A nan aka harbe shi.

Masu kare manjojin sukan kawo hujjar ruɓewar siyasar lokacin, da maguɗin zaɓe da tarzomar Jihar Yamma, kuma ba ƙarya suke yi game da waɗannan ba. Shi kansa Ifeajuna ya rubuta bayaninsa na juyin, wanda har yau ba a buga shi a matsayin littafi ba. Sai dai babu wata hujjar siyasa da ke wanke harbin mutumin da ya ɗaga maka hannu saboda ya yarda da kai. Saurayin Vancouver da manjon Legas zuciyarsu ɗaya, mai ƙarfin hali, marar tsoron abin da ya fi ta tsayi. Sandar tsalle ta auna wannan ƙarfin hali daidai, har zuwa inci, amma ba ta da ma'aunin abin da mai shi zai yi da shi.

Da juyin ya wargaje, ya tsere zuwa Gana wajen Kwame Nkrumah, daga baya ya dawo aka tsare shi. Odumegwu Ojukwu ya sake shi, ya shiga rundunar Biyafara, ya kasance tare da Victor Banjo a farmakin da aka kai Jihar Yamma ta Tsakiya a watan Agustan 1967. Bayan farmakin ya ci tura, aka tuhume su da ƙulla wa Ojukwu makirci. A ƙarshen watan Satumban 1967 aka harbe shi a Inugu tare da Banjo da Philip Alale da Sam Agbam. Shekararsa 32.

Abokin juyinsa Chukwuma Kaduna Nzeogwu, wanda ya mutu a fagen daga, sojojin tarayya sun binne shi a Kaduna da karramawar soja. Ifeajuna bai samu ko kusa da haka ba daga kowane ɓangare: tarayya ta ɗauke shi mai kisan shugabanni, Biyafara ta kashe shi a matsayin maci amana. Littattafan rubutun nan sun ɓace daga makarantu tun tuni. A kundin gasar 1954 kuwa, a layin tsallen sama, sunansa yana nan a sama, da mita 2.03 a gefensa.