Santiago Alvarez: Telan Hotuna Na Ƙasar Kyuba

Jama'a masu karatu, a filinmu na tarihin mutanen da suka shuɗe, yau za mu ƙetare teku zuwa Kyuba, tsibirin nan da ke kudu da jihar Florida ta Amurka. A can ne aka yi wani mutum mai suna Santiago Alvarez, wanda bai taɓa aikin fim ba sai da ya cika shekara 40, amma kafin ya rasu duniya ta san shi a kan gwanintar yanka hotuna da haɗa su.

Bari mu fara da bayyana sana'ar. A wancan zamani fim doguwar leda ce mai ɗauke da ƙananan hotuna a jere, guda 24 suna wucewa cikin kowane sakan. In mai kyamara ya gama ɗauka, sai a kai ledar wani ɗaki inda mai haɗa hoto yake zaune da almakashi da gam. Shi zai zaɓi abin da za a gani da wanda za a zubar, da abin da zai zo gaba da wanda zai biyo baya. Aikinsa kamar na tela ne. Yadi ɗaya ne, amma yanka da ɗinki su ke sa ya zama riga ko wando.

An haifi Alvarez a Havana, babban birnin ƙasar, ran 8 ga Maris 1919. Iyayensa baƙi ne da suka zo daga ƙasar Sifen, kuma ba masu hali ba ne. Yana ɗan shekara 15 ya shiga koyon aiki a maɗaba'a, inda yake jera haruffan dalma ɗaya bayan ɗaya. A 1939 ya tafi ci-rani Amurka. Ya yi wanke-wanke a gidan abinci a New York, ya kuma yi haƙar kwal a jihar Pennsylvania. A nan ya ga yadda ake wulaƙanta baƙar fata da talakawan ma'aikata, abin kuwa bai taɓa fita daga ransa ba.

Da ya koma gida a farkon shekarun 1940, sai ya shiga jam'iyyar kwaminis. Daga baya ya sami aiki a gidan rediyo da talabijin na CMQ, yana kula da ɗakin ajiyar faya-fayan waƙa. Shekarun da ya yi yana sauraro, yana ware wannan kiɗa daga wancan, su suka horar da kunnensa. Jera haruffa ya koya masa tsari, faya-fayai suka koya masa kari. Bai san cewa guzurin wata sana'a yake tarawa ba.

A watan Janairu 1959 Fidel Castro da mayaƙansa suka kifar da gwamnatin Batista. A watan Maris na shekarar sabuwar gwamnati ta kafa hukumar shirya finafinai da ake kira ICAIC, ƙarƙashin Alfredo Guevara, kuma Alvarez yana cikin waɗanda aka fara da su. A Yuni 1960 hukumar ta soma fitar da labarun mako a majigi, na kamar minti 10, waɗanda ake nunawa a gidajen silima kafin babban fim. Ba da jimawa ba aka damƙa masa shirin. Ya ci gaba har 1990, aka fitar da kusan kashi 1,500. Wannan shiri shi ne makarantarsa, kuma a ƙarƙashinsa matasa da yawa suka koyi ɗauka da haɗawa.

Sai dai kayan aiki sun yi ƙaranci. Amurka ta sa wa Kyuba takunkumin ciniki, wanda ya cika a 1962, ledar fim da kayan gyaran injuna suka yi wuyar samu. To, in babu raƙumi sai a yi da jaki. Alvarez ya koma ga tsofaffin jaridu da mujallu, da zane-zanen barkwanci, da guntayen finafinan wasu. Sai a kafa hoto a gaban kyamara, a matso kusa da ido ko hannu, a ja baya, a yanka daidai bugun kiɗa, har hoton da ba ya motsi ya zama kamar mai rai. Ya kuma rage dogon sharhin mai magana, ya bar hoto da kiɗa su yi bayani.

A Oktoba 1963 guguwar Flora ta afka wa gabashin Kyuba, ta kashe mutane fiye da 1,000. Daga abin da masu kyamara da dama suka ɗauko, Alvarez ya haɗa fim mai suna Ciclon, wato guguwa. Wannan fim ya sami babbar kyauta a bikin finafinai na Leipzig a Jamus ta Gabas, sunansa ya fara fita waje.

Aikin da aka fi tuna shi da shi ya zo a 1965. Sunansa Now, kuma bai wuce minti 6 ba. Ya ɗauki wata waƙar Lena Horne, mawaƙiya baƙar fata ta Amurka, wadda take kira ga 'yanci ba tare da jinkiri ba. A kan waƙar ya jera hotunan 'yan sanda suna dukan baƙar fata, da karnuka da aka saki a kan masu zanga-zanga, da mata da yara a hannun dakaru. Babu mai sharhi ko ɗaya. Duk wanda ya kalla ya fahimta, ko da bai iya Turanci ba. A wannan fim da wasu da suka biyo baya, wata mace mai suna Norma Torrado ce ke zaune a teburin yanka tare da shi. Ya kamata a ambace ta, domin sau da yawa mai riƙe almakashi ba a jin sunansa.

Daga nan ya tafi Biyetnam ana tsakiyar yaƙi, tare da mai kyamara Ivan Napoles. Suna Hanoi ran Talata 13 ga Disamba 1966 jiragen Amurka suka yi ruwan bama-bamai a birnin. Fim ɗin da ya fito a 1967 ya nuna manoma a gonakin shinkafa da masunta a kan ruwa, a hankali ba gaggawa, har mai kallo ya saba da su, sa'an nan bama-bamai suka sauka. A shekarar ce kuma aka kashe Che Guevara a Bolibiya, Alvarez ya haɗa fim na tunawa da shi cikin awa 48 kacal. Da Ho Chi Minh ya rasu a 1969 yana da shekara 79, ya yi masa fim inda ya kakkarce ledar da gangan a wurin nuna yaƙi, har mai kallo ya ga kamar hoton kansa ne ke yagewa. A 1976 ya zo Afirka, ya yi finafinai a kan Angola da Mozambik bayan sun sami 'yancin kai.

Amma tarihi ba ya cika in an faɗi rabi. Alvarez ma'aikacin gwamnati ne, kuma bai ɓoye cewa finafinansa makami ne na juyin mulkin Castro ba. A 1968 ya yi fim mai suna LBJ, haruffan sunan shugaban Amurka Lyndon B. Johnson. Ya raba shi uku a kan mutane uku da aka kashe: Martin Luther King, da Robert Kennedy, da John Kennedy. Bai fito fili ya ce Johnson ne ya kashe su ba. Sai dai ya jera hoton Johnson kusa da bindiga, kusa da gawa, har mai kallo ya yanke hukuncin da kansa. Babu wata shaida da ta tabbatar da wannan zargi. Almakashin da ya tona asirin zalunci a 1965, shi ne ya ɗinka tuhuma marar hujja bayan shekara 3.

Akwai kuma abin da aka zubar a ƙasan tebur. Daga 1965 zuwa 1968 gwamnatin Kyuba ta tsare dubban mutane a sansanonin aikin tilas a lardin Camaguey. Cikinsu akwai fastoci, da limaman Katolika, da Shaidun Jehobah, da wasu da hukuma ta ga ba su dace da sabon tsari ba. Ɗaya daga cikinsu, Jaime Ortega, ya zama Kadinal na Havana daga baya. Mutumin da ya ji kukan baƙar fata a Amurka da na manoma a Biyetnam, a cikin sanannun finafinansa ba za ka ji kukan waɗannan maƙwabtansa ba. Laifi tudu ne.

Ciwon karkarwa da ake kira Parkinson ya kama shi a ƙarshen rayuwarsa. Ya rasu a Havana ran 20 ga Mayu 1998, yana da shekara 79. A 2009 hukumar UNESCO ta sa labarun majigin nan nasa cikin kundin abubuwan tarihin duniya da ya wajaba a adana, kuma an kafa bikin finafinai da sunansa a birnin Santiago de Cuba.

Masu karatu, yau almakashin Alvarez yana cikin kowace wayar hannu. Yaro ƙarami yana iya ɗauko hoto daga wannan gari, ya haɗa da murya daga wancan, ya aika wa dubban mutane kafin a gama cin tuwo. Rayuwar wannan mutum ta nuna mana cewa hotuna biyu na gaskiya suna iya haifar da gaskiya, suna kuma iya haifar da ƙarya, gwargwadon hannun da ya jera su. Saboda haka in an nuna maka hoto, kafin ranka ya ɓaci, tambayi wanda ya yanka shi, da abin da ya bari a ƙasa. Sai mun sadu a mako mai zuwa.