Ranji: Yaron da aka ƙwace wa gadon sarauta, ya nemo shi da sandar kurket

Idan ka taɓa kallon fim ɗin Indiya, kuma na san ka taɓa, kada ka yi mini musu, to ka ga yara a lungu suna dukan ƙwallo da wani faffaɗan katako, an kafa sanduna uku a bayan mai dukan. Kurket ke nan. A can ya fi ƙwallon ƙafa farin jini nesa ba kusa ba, kuma babbar gasarsu ta cikin gida sunanta Kofin Ranji. Abin mamakin shi ne, mutumin da aka sa wa gasar sunansa bai taɓa buga wa Indiya wasa ba, ko sau ɗaya. Labarinsa zan ba ka yau, kuma daga makarantar kwana ya faro.

An haifi Ranjitsinhji a 1872 a wani ƙauye na masarautar Nawanagar, wadda yau take cikin jihar Gujarat. Mahaifinsa ba sarki ba ne, dangin gidan sarauta ne kawai. Sarkin lokacin, Vibhaji, bai da magajin da ya kwanta masa a rai, sai ya zaɓi wannan yaro. Da haka aka tura shi Kwalejin Rajkumar da ke garin Rajkot, makarantar da aka buɗe a 1870 musamman don 'ya'yan sarakuna.

Shugaban makarantar wani Bature ne, Chester Macnaghten, wanda ya yi karatu a Jami'ar Kambirij. Ka yi tunanin aikin da ke gabansa: yara ne da suka saba a durƙusa musu, kowa na ganin gidansu ya fi na kowa. Sai ya jefa su fili ɗaya. A kurket, idan alƙalin wasa ya ɗaga yatsa ya ce ka fita, to fita za ka yi, ko kai ɗan wane ne. Abin da Turawan ke so a koya ke nan, ladabi da biyayya, a samu sarakunan gobe masu jin magana. Mu ma nan haka suka yi mana. A Kwalejin Katsina, inda su Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, an buga kurket, tare da wasan nan na dukan ƙwallo da tafin hannu a jikin bango.

Ranji ya shiga tawagar makaranta a 1883, shekara na zagayowa aka ba shi kyaftin, bai wuce shekara 12 ba, kuma ya riƙe muƙamin har 1888. Shi fa a lokacin wasan tanis ya fi burge shi. Amma ana cikin haka ƙasa ta zame masa. A 1882 aka haifa wa Sarki Vibhaji ɗa namiji, Jaswantsinhji, kuma a 1884 Turawan mulki suka amince cewa jaririn ne magaji. Wato a shekarar da ya zama kyaftin, a shekarar ya tashi daga yarima mai jiran gado ya koma ɗalibi kawai, yana zaune cikin 'ya'yan sarakunan da kowannensu ya san inda zai dosa.

Macnaghten bai yar da shi ba. A 1888 ya tafi da shi Ingila, daga baya ya shiga Kambirij. A shekarar ce kuma wani saurayi da shi ma ya yi makaranta a Rajkot ya sauka Landan karatun lauya, da wasiƙar gabatarwa zuwa ga Ranji a aljihunsa. Sunansa Gandhi.

A Kambirij ne abin ya zama na gaske. Matsalarsa ita ce tsoro: idan aka wurgo ƙwallo da ƙarfi, sai ya ja ƙafa baya. Wani mai horarwa, Dan Hayward, ya sa aka kafe masa ƙafar dama wuri ɗaya don kada ya motsa ta. Da ya ga ba wurin gudu, sai ya riƙa murɗa jiki da wuyan hannu, ya goga wa ƙwallon sanda kaɗan, ta zille ta bayan ƙafafunsa, ɓangaren da ba a cika tsayar da masu tsaro ba. Ƙarfin mai jifan ne ke kai ta nesa, shi dai juya ta kawai yake yi. Dattawan wasan suka ga abin kamar rashin ɗa'a, 'yan kallo kuwa suka ce sihirin Gabas ne. Ni dai ina ganin kiran abin sihiri hanya ce ta ƙin yarda cewa yaron ya fi su daɗewa a filin atisaye.

Digiri dai bai samu ba. Ya koma buga wa yankin Sussex a 1895. A 1896 aka zo zaɓen tawagar Ingila da za ta kara da Ostireliya, Lord Harris, tsohon gwamnan Bombay kuma babba a harkar, ya ƙi a sa shi a wasan farko a Landan. Wasa na biyu a Old Trafford ne, ba filin Manchester United ba fa, na kurket da ke kusa da shi, kuma a zamanin masu fili ne ke zaɓen 'yan wasa. Suka sa shi. Ya ci maki 62 a zagayen farko, a na biyu ya ci 154 ba a iya fitar da shi ba. Ingila ta sha kashi duk da haka, amma sunansa kowa ke kira. A 1899 ya zama mutum na farko da ya haura maki 3,000 a kaka ɗaya.

To ga inda labarin ya yi kama da abin da kake gani a Instagram. Jaridu na kiransa Yarima, shi kuma bai taɓa gyara musu ba. Kaya masu tsada, liyafa, kyautar bajinta ga abokai, alhali bashi ya yi masa katutu. Amma ba sakarci ba ne zalla. Ya gane cewa sunan da yake yi a fili shi ne kaɗai jarin da ya rage masa, sai ya yi ta amfani da shi yana kai ƙorafin gadonsa ga manyan Ingila. Jaswantsinhji ya rasu a 1906 bai bar ɗa ba, akwai wasu masu neman kujerar, amma a 1907 Turawa suka naɗa wanda duk Ingila ta riga ta sani.

Mulkinsa gauraye ne. Ya gyara birnin Jamnagar da tashar jirgin ruwa, ya wakilci Indiya a Majalisar Ƙasashen Duniya ta wancan zamani a 1920, amma ya kashe dukiya mai yawa kan lu'ulu'u da zaman Turai, har da sayen wani katafaren gida a Ailan. A 1915 ya rasa idonsa na dama a haɗarin farauta, wasan nasa ma ya ƙare a zahiri. Kurket ɗin Indiya kuwa bai tsinana masa abin kirki ba. Ɗan ɗan'uwansa da ya raina, Duleepsinhji, shi ma Ingila ya buga wa.

Ya rasu a Afrilun 1933. A 1934 aka fara gasar da ke ɗauke da sunansa, kuma a kakar 1936 zuwa 1937 tawagar masarautarsa ta Nawanagar ta ɗauki kofin. Kwalejin Rajkumar tana nan har yau tana karɓar ɗalibai. A Maris na 2020, a garin na Rajkot aka buga wasan ƙarshe, inda tawagar yankin, Saurashtra, ta ɗaga Kofin Ranji karo na farko da wannan suna.