Kay Nielsen: Mai zanen da ya kai duhu cikin fina-finan Disney

A 'yan shekarun nan wani salo ya bazu a tsakanin masu zane da kwamfuta. Mai zane zai ɗauki ɗaya daga cikin mugayen tsofaffin fina-finan katun, irin waɗanda 'yan kallo suka fi sani da bos, ya sake siffanta shi da manhajar Photoshop ko Procreate, ya rage masa barkwanci da hasken launi, har ya koma abin tsoro na gaske. Maleficent da Ursula da Jafar na kamfanin Disney duk sun sha irin wannan sabuwar riga a shafukan ArtStation da Instagram. Sai dai tun kafin a ƙera na'urar zane ta farko, akwai mutumin da ya yi wannan aiki a cikin kamfanin na Disney kansa, da alli mai launi da fentin ruwa. Sunansa Kay Nielsen, ɗan ƙasar Denmak, wanda ya yi tashe tun yana saurayi, duniya ta juya masa baya yana dattijo, ya mutu cikin talauci, sannan aka dawo ana neman aikinsa bayan ƙasa ta rufe masa ido.

Haihuwa da tasowarsa

An haifi Kay Rasmus Nielsen ranar 12 ga Maris, 1886 a birnin Kopenhagen. Gidansu gidan wasan kwaikwayo ne gaba da baya. Mahaifinsa, Martinus Nielsen, shi ne shugaban gidan wasa na Dagmar, mahaifiyarsa Oda Nielsen kuwa tana cikin fitattun 'yan wasa da mawaƙan ƙasar a zamaninta. Don haka yaron ya buɗi ido yana ganin yadda ake shirya dandamali, da yadda fitila ɗaya tak da aka ajiye a ƙasa ke mayar da inuwar mutum ta zama ta ƙato a jikin labule. Wannan tarbiyya ta bi shi har ƙarshen rayuwarsa, domin duk zanen da ya yi kamar dandamali ne: akwai inda haske ke fitowa, akwai inda aka bar wa duhu.

Daga 1904 zuwa 1911 ya yi karatun zane a birnin Paris, a makarantun Julian da Colarossi. A can ya shaƙu da aikin Aubrey Beardsley na Ingila, mai zane da baƙi da fari zalla, da kuma zane-zanen Japan da ake bugawa da sassaƙaƙƙen katako. Daga gare su ya koyi dogon layi siriri, da barin fili fayau a takarda ba tare da tsoron a ce bai cika aiki ba.

Shekarun tashe a Landan

A 1911 ya koma Landan, a daidai lokacin da kasuwar littattafan tatsuniya masu tsada ke ci. Masu ɗab'i kan buga su da bango mai ruwan zinariya, a manna hotuna masu launi ɗaya bayan ɗaya, masu hali su saya don kyautar Kirsimeti. Arthur Rackham da Edmund Dulac su ne ke jan zarensu a wannan fage lokacin da baƙon ya iso.

Kamfanin Hodder & Stoughton ne ya ba shi aikinsa na farko, wato In Powder and Crinoline, tarin tatsuniyoyin da Arthur Quiller-Couch ya sake rubutawa, wanda ya fito a 1913 da hotuna 24 masu launi. Shekara guda bayan haka aka buga littafin da har yau ake auna shi da shi, East of the Sun and West of the Moon, tatsuniyoyin ƙasar Norwe masu hotuna 25. A cikinsa mutane dogaye ne sirara, itatuwa miƙaƙƙu kamar masu, sararin sama shuɗi mai sanyi, ƙasa lulluɓe da ƙanƙara. Dodannin da ya zana ba ya ƙawata su da jini ko haƙora. Yakan ba su girma da natsuwa, ya ajiye ɗan Adam ƙanƙane a gefensu, ya bar mai kallo ya auna tazarar da kansa.

Littafin ya fito a shekarar da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke. Yaƙin ya tsadar da takarda, ya tsotse aljihun masu saye, kuma kasuwar littattafan alfarma ba ta sake komawa yadda take ba. Nielsen na da shekara 28 ke nan, sana'ar da ya ƙware a kanta ta fara mutuwa a hannunsa.

Komawa gida da aikin Dare Dubu da Ɗaya

A 1917, bayan baje kolin aikinsa a New York, ya koma Kopenhagen ya rungumi sana'ar iyayensa. Ya haɗa hannu da ɗan wasa kuma mai ba da umarni Johannes Poulsen, ya tsara tufafin wasan Aladdin na Adam Oehlenschläger, wanda aka nuna a Gidan Wasan Sarauta a 1919 da kiɗan Carl Nielsen.

A tsakanin 1917 da 1922 kuma ya duƙufa kan zana hikayoyin Alfu Laila wa Laila, waɗanda masu karatun Hausa suka sani da Dare Dubu da Ɗaya. Ya nazarci ƙananan zane-zanen littattafan Farisa, ya ɗauko launukansu masu zafi da adonsu na ganye da furanni, ya zana Shahrazad da sarakuna da aljanu. Tsadar ɗab'i bayan yaƙi ta hana littafin fitowa. Hotunan suka shiga akwati, kuma bai ga an buga su ba har ya bar duniya.

Ya sake gwada sa'arsa da tatsuniyoyin Hans Christian Andersen a 1924, da na 'yan'uwan Grimm a 1925, sai Red Magic a 1930. Aikin na da kyau, amma zamani ya riga ya sauya. A 1926 ya auri Ulla Pless-Schmidt, wadda ta zauna da shi a daɗi da wuya har ƙarshe.

Dare a kan dutse

A 1936 Poulsen ya tafi da shi Kalifoniya don shirya wasan Everyman a dandalin Hollywood Bowl. Nielsen ya zauna a Amurka, kuma a ƙarshen shekarun 1930 ya samu aiki a kamfanin Walt Disney, wanda ke shirin wani fim da ba a taɓa yin irinsa ba. Fantasia ba shi da labari guda. Kaɗe-kaɗen gargajiyar Turai takwas ne, ƙarƙashin jagorancin Leopold Stokowski, kowanne aka yi masa zanen da zai tafi da sautinsa. An damƙa wa Nielsen tsara kamannin sashen ƙarshe, inda kiɗan Modest Mussorgsky mai suna Night on Bald Mountain ke sadarwa da Ave Maria na Franz Schubert.

A wannan sashe ne Chernabog ya bayyana, sunan da ke nufin baƙin abin bauta a harsunan Silabawa na gabashin Turai. Da dare ya tsala, ƙololuwar dutsen da ke saman wani ƙauye sai ta motsa, ashe fukafukai ne a naɗe. Suka buɗe, wani ƙato mai ƙaho ya miƙe, idanunsa na ci kamar garwashi. Bai sauko ba, inuwar hannuwansa ce ta malala a kan rufin gidaje har maƙabarta, fatalwowi suka taso suna shawagi zuwa gare shi. Ya ɗebi harsunan wuta a tafin hannunsa ya mayar da su 'yan rawa, ya sake mayar da su dabbobi, sannan ya watsar da su cikin rami kamar wanda ya gaji da abin wasa. Bai furta ko kalma ɗaya ba. Abin da ya karya shi ƙarar ƙararrawar asuba ce: kowane bugu sai ya ƙanƙance ya kare fuska, har ya naɗe fukafukansa ya koma dutse. Daga nan sai jerin masu ibada riƙe da fitilu suka ratsa wani daji mai dogayen itatuwa, gari ya waye.

Aikin na mutane da yawa ne. Wilfred Jackson ne ya ba da umarnin sashen, Vladimir Tytla kuma shi ya ba wa Chernabog motsi, zane bayan zane. An gayyato Bela Lugosi, wanda ya yi suna da fitowa a matsayin Dracula, don ya gwada motsin, amma Tytla bai gamsu ba, sai Jackson da kansa ya tuɓe riga ya tsaya masa. Rabon Nielsen shi ne yanayin: shuɗi mai duhu da baƙi, hasken da ke tasowa daga ƙasa, fatalwowi farare kamar hayaƙi, ƙanƙantar ƙauyen a gindin dutsen, da itatuwan ƙarshe masu kama da ginshiƙan majami'a. Duk wanda ya san littafinsa na 1914 zai gane hannunsa nan take.

An fara nuna Fantasia a New York ranar 13 ga Nuwamba, 1940. Masana sun yaba, amma kuɗi bai dawo ba. Yaƙin Duniya na Biyu ya rufe kasuwannin Turai, na'urorin sauti na musamman da fim ɗin ke buƙata kuma sun yi wa gidajen sinima tsada.

'Yar ruwan da ta jira kusan shekara 50

Kafin ya bar kamfanin, Nielsen ya yi zane-zanen share fage na wani ci gaban Fantasia da kiɗan Richard Wagner, da kuma na wani fim kan Andersen wanda zai ƙunshi tatsuniyar 'yar ruwa. Tatsuniyar, wadda aka buga a 1837, ba ta da sassauci. Mayyar teku ta yanke wa yarinyar harshe a madadin ƙafafu, kowane taku ya zame mata kamar taka wuƙa, kuma ɗan sarkin da ta bar gida dominsa ya auri wata. Nielsen ya tashi da wannan labari a garin da gunkin 'yar ruwan ke zaune a bakin teku tun 1913, don haka ya zana shi da nauyinsa: guguwa, jirgi na nitsewa, teku baƙi ƙirin.

Babu ɗaya daga cikin ayyukan biyu da ya kai ga allo. Nielsen mai aiki ne a hankali, yakan daɗe a kan hoto guda, alhali masana'antar na bukatar ɗaruruwan zane cikin gaggawa. Da kamfanin ya shiga matsin kuɗi, aka sallame shi a 1941, yana da shekara 55. An sake kiransa na ɗan lokaci a farkon shekarun 1950 don share fagen Sleeping Beauty, fim ɗin da Maleficent ta fito a ciki, amma zaman bai ɗore ba.

Talauci da mutuwa

Abin da ya rage masa shi ne zanen bango. A 1942 ya kammala The First Spring don wata makarantar sakandare a Los Anjeles, amma ba a daɗe ba aka mayar da ginin ofisoshi, aka sauke zanen, sai daga baya aka gyara shi aka kafa a wata makarantar. Ya yi wani a makarantar Emerson, ya kuma zana ma'anar Zabura ta 23 a ɗakin ibada na Wong da ke majami'ar First Congregational a birnin.

Shi da Ulla sun koma Denmak da fatan gida zai karɓe su, suka tarar babu mai neman irin aikinsa. Suka sake komawa Los Anjeles, inda abokai suka riƙa tallafa musu. Tari mai tsanani ya addabe shi a shekarunsa na ƙarshe, kuma ya mutu ranar 21 ga Yuni, 1957, yana da shekara 71. An yi masa addu'ar bankwana a ɗakin ibadar da ya ƙawata. Ulla ta bi shi a shekarar da ta biyo. Kafin mutuwarta ta miƙa sauran hotunansa ga abokinsu Frederick Monhoff, wanda ya yi ta tallata su ga gidajen adana kayan tarihi a Amurka da Denmak, amma babu wanda ya karɓa.

Bayan ransa

Sai a shekarun 1970, da aka farfaɗo da sha'awar tsofaffin littattafan tatsuniya, sunansa ya sake tasowa. A 1977 aka buga hotunansa na Dare Dubu da Ɗaya a karon farko, shekara 20 bayan mutuwarsa, kuma a 2018 kamfanin Taschen na Jamus ya fitar da su a bugu na alfarma. A shekarun 1980, da Ron Clements da John Musker suka fara shirya The Little Mermaid, an zaƙulo zane-zanensa daga ma'ajiyar Disney aka yi amfani da su, musamman wajen tsara guguwa da nitsewar jirgi. Da fim ɗin ya fito a 1989, sunan Kay Nielsen na cikin jerin waɗanda suka tsara kamanninsa, shekara 32 da binne shi. An ba labarin ƙarshe mai daɗi, an kuma sa wa Ursula waƙa da barkwanci, abin da ya sa masu zane da kwamfuta a yau ke yawan mayar da ita ga mayyar da Andersen ya rubuta.

Kayan aikin sun sauya. Mai zane a yau na da allon lantarki da alƙalaminsa, yana jera hoto shimfiɗa a kan shimfiɗa, ya goge kuskure da latsa maɓalli ɗaya, ya gwada launi goma cikin minti guda. Amma matakan da ƙwararru ke bi wajen fito da mugu mai ban tsoro su ne waɗanda ke cikin allin Nielsen: a fara da baƙar siffa wadda za a gane ta ko babu fuska, a taƙaita launuka, a sa haske ya fito daga wuri guda, a ajiye ƙaramin abu kusa da babba don ido ya san girmansa, sannan a ɓoye fiye da abin da aka nuna. Shi ma kamfanin Disney ya bi wannan hanya da fina-finan Maleficent a 2014 da Cruella a 2021, inda mugu ya koma tsakiyar labari.

Chernabog bai wuce 'yan mintoci a allo ba, amma sama da shekara 80 ke nan ana lissafa shi cikin mafi ban tsoro da kamfanin ya taɓa fitarwa. Hotunan Dare Dubu da Ɗaya da gidajen tarihi suka ƙi karɓa kuwa, yawancinsu yanzu suna ajiye a cibiyar Grunwald ta Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjeles, birnin da mai su ya mutu ba shi da ko sisi.