George Percy Bargery da Ƙamusun da Ya Tattara Kare-karen Harshen Hausa

Duk ɗalibin da ya taɓa neman asalin wata kalmar Hausa, ko ya so sanin inda ake faɗarta, da wuya bai bi ta kan ƙamusun Bargery ba. Littafin ya haura shekara 90 da fitowa, amma har yau shi ne madogara ta farko idan gardama ta tashi a kan ko wata kalma Hausa ce ko ba Hausa ba ce. Sanin mai littafin da yadda ya yi aikinsa zai taimaka mana, mu da muke karatun harshe a Yamai, mu gane abin da ƙamusun ya riƙe da abin da ya bar mana.

An haifi George Percy Bargery a 1876 a birnin Exeter da ke kudu maso yammacin Ingila. Yankin nan sananne ne da irin nasa lafazin Ingilishi, domin mutanen karkararsa suna furta harafin r a ƙarshen gaɓa, inda mutumin Landan yake haɗiye shi. A zamanin ƙuruciyarsa, lafazi yana nuna garin mutum da matsayinsa a Ingila, kuma masana sun dukufa wajen tattara kalmomin yankuna kafin makaranta da jirgin ƙasa su shafe su. Babban ƙamusun kare-karen Ingilishi na Joseph Wright, mai juzu'i 6, an kammala buga shi a 1905.

Bargery ya yi karatun aikin mishan, ya zo Arewacin Nijeriya a farkon ƙarni na 20 a ƙarƙashin ƙungiyar mishan ta cocin Ingila. Bayan kimanin shekara 10 ya bar aikin, daga baya ya koma ƙasar a matsayin ma'aikacin sashen ilimi na gwamnatin mulkin mallaka. A 1921 aka ɗora masa nauyin haɗa ƙamusun Hausa. Bukatar hukuma a fili take: tana son jami'anta su fahimci talakawan da suke mulka, su kuma ci jarrabawar harshe. Abin da ya fito daga hannunsa ya zarce wannan bukata nesa ba kusa ba.

Ya zauna a Kano, ya ɗauki Kananci a matsayin ginshiƙi, ya yi shekaru yana tattara kalmomi tare da malamai Hausawa waɗanda yawancinsu duniyar ilimi ba ta riƙe sunayensu yadda ya kamata ba. R. C. Abraham ma ya taya shi aiki na wani lokaci, kafin ya fitar da nasa ƙamusun a 1949 tare da Malam Mai Kano. A 1934 maɗaba'ar Jami'ar Oxford ta buga aikin Bargery, mai shafuka sama da 1,200 da kalmomi kusan 39,000, tare da gabatarwar masanin harsunan Afirka, Bajamushe Diedrich Westermann.

Abubuwa biyu suka ɗaukaka littafin. Na farko, ya nuna karin sauti da tsawon wasali, waɗanda rubutun yau da kullum ba ya nunawa, alhali da su kunne yake rarrabe kalmomin da ido yake gani iri ɗaya. Na biyu, idan kalma ba ta Kano ba ce, yakan sa mata alamar inda ake faɗarta: Sakkwato, Katsina, Zazzau, Daura, Haɗeja, Gobir da sauransu. Da wannan ƴar alama kalmar Bagobiri ta sami wurin zama a shafi ɗaya da ta Bakano, kuma mai karatu ya san cewa kowacce tana da gida da masu ita.

Bambance-bambancen da ya tarar suna nan da ransu. Inda Bakano zai ce sauka, zauna, aure, mutumin yamma zai ce sabka, zamna, amre, kuma masana tarihin harshe sun nuna cewa siffofin yamma su ne suka riƙe tsohon furuci. Bakano yana cewa fari da tafi, Ba'adare yana cewa hwari da tahi. Biyar ta Kano ita ce biyat a Sakkwato. A gabas ana cewa yaro ne, yarinya ce, a yamma kuwa yaro na, yarinya ta. A Zazzau da Bauci bambancin jinsin namiji da tamace ya yi rauni a bakin mutane da yawa. Duk da haka Hausawan waɗannan wurare suna ciniki da auratayya ba tare da tafinta ba. Sai dai fahimtar ba daidai take ta kowane ɓangare ba. Mutumin Dogon Dutsi ya saba da Kananci ta rediyo da littattafai da finafinai, shi kuwa Bakano sau da yawa sai ya kasa kunne sosai kafin ya bi zancen Ba'are. Sabo ne ya raba su, domin wanda aka fi ji shi aka fi ganewa.

Bayan fitowar ƙamusun, Bargery ya koyar da Hausa a makarantar nazarin harsunan Gabas da Afirka ta Jami'ar Landan har ya yi ritaya a 1947. A 1953, yana da shekara 77, ya sake komawa Kano don aikin sabunta fassarar Sabon Alkawari, ya yi ƴan shekaru a kai duk da ganinsa yana raguwa. Ya rasu a Ingila a 1966, shekarar da UNESCO ta tara masana a Bamako don daidaita rubutun wasu harsunan Afirka ta Yamma, har da Hausa.

Aikinsa yana da iyaka, kuma wajibi ne a faɗe ta. Ƙamus ne da aka yi don Turawa, da bayani cikin Ingilishi, a ƙarƙashin mulkin da ya raba ƙasar Hausa gida biyu. Zaɓen Kananci da ya yi ya ƙarfafa hanyar da Gaskiya Ta Fi Kwabo ta bi daga 1939 da Hukumar Harshen Hausa daga 1955, har Kananci ya zama tushen daidaitacciyar Hausa. Hausar da ke wannan ɓangare na iyaka ba ta sami rabo daidai da yawan masu ita ba, kuma kalmomin da muka aro daga Faransanci, irin su lakwal da lokotoro, sun bi wata hanya dabam da ta makwabtanmu. Taron Yamai na 1980 ya kusanto da ƙa'idojin rubutun ƙasashen biyu. Abdou Mijinguini ya fitar da ƙaramin ƙamusunsa na Hausa zuwa Faransanci a 1987, Bernard Caron ya bayyana Hausar Adar a 1991, sa'annan aka sake buga Bargery a Zariya a 1993 da ƙarin kalmomin da Neil Skinner ya tattara. Yau ana iya bincika shi a intanet.

Abin da ya rage yana kusa da mu. A unguwa irin Bobiyel ana jin Adaranci da Arewanci da Gobiranci da Damagaranci a layi ɗaya, a gefen Zabarmanci da Faransanci, kuma yaran da aka haifa a can suna tasowa da wata Hausa da ta ɗebo daga kowanne. Ɗalibin da ya ji kunyar hwari ko amre a gaban takarda ya tuna cewa tun 1934 aka ba irin waɗannan kalmomi muhalli a ƙamus. Wanda zai ɗauki na'urar naɗar murya ya rubuta kalma, da furucinta, da garin mai faɗarta, da shekarunsa, shi ne zai ɗora daga inda Bargery da malamansa suka tsaya.