Alhaji Abubakar Imam: Editan da Ya Kawo Labarin Duniya Zaure

An haifi Abubakar Imam a garin Kagara, cikin Jihar Neja ta yanzu, a shekarar 1911. Ya yi karatu a Kwalejin Katsina, daga nan ya zama malamin makaranta. Ya fara yin suna da littafinsa Ruwan Bagaja, sannan ya rubuta Magana Jari Ce.

A wancan lokaci ana ta jin ƙishin-ƙishin yaƙi a Turai. Rediyo bai wadata ba a ƙasar Hausa. Talaka yakan ji labarin duniya ne daga bakin fatake da matafiya, a kasuwa ko a tashar jirgin ƙasa. Kafin labari ya iso, an riga an ƙara masa gishiri.

Hitila, shugaban Jamus, yana neman a mayar wa ƙasarsa yankunan da ta rasa a Yaƙin Duniya na Ɗaya, ciki har da Kamaru, maƙwabciyarmu. Sai jita-jita ta bazu cewa Ingila za ta miƙa Nijeriya ga Jamus. Hankalin jama'a ya tashi ƙwarai.

Domin kashe irin wannan jita-jita, gwamnati ta kafa jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya. Ta fara fitowa a watan Janairu na 1939, ana sayar da ita kwabo ɗaya. Abubakar Imam ne editanta na farko, yana aiki tare da Dokta Rupert East.

Masu iya karatun boko kaɗan ne a lokacin. Saboda haka mutum ɗaya yakan sayi jarida ya karanta da ƙarfi a zaure, sauran su saurara. Imam ya san haka, shi ya sa yake rubutu da Hausa mai daɗin ji, da karin magana da misalai. Da yaƙi ya ɓarke a watan Satumba na 1939, mutane da yawa sun riga sun san dalilinsa.

Jaridar ta gwamnatin mulkin mallaka ce, tana goyon bayan Ingila. Duk da haka, Imam ya ba masu karatu fili, suna aiko da wasiƙu suna faɗin ra'ayinsu.

A 1943 ya ziyarci Ingila tare da wasu 'yan jaridar Afirka ta Yamma, ya ba da labarin tafiyar a littafinsa Tafiya Mabuɗin Ilmi. Ya rasu a Zariya a 1981.