Mari Kuri da Sinadarin Radiyam

An haifi Mari Kuri a birnin Warso na ƙasar Polan cikin shekarar 1867. Ubanta malamin makaranta ne. A zamanin nan ba a karɓar mata a jami'ar ƙasarsu, saboda haka ta yi shekaru tana koyar da 'ya'yan masu hali, tana aika wa yayarta kuɗin karatun likita a Paris. Cikin 1891 ita ma ta tafi can. Ta yi fama da sanyi da yunwa, amma ta zo ta ɗaya a jarrabawa. A 1895 ta auri wani masani, Piyer Kuri.

To, cikin 1896 wani Bafaranshe mai suna Bekerel ya gano cewa yuraniyam yana fid da wani irin haske wanda ido ba ya gani. Mari ta auna dutsen da ake samun yuraniyam cikinsa, sai ta ga haskensa ya fi na yuraniyam ɗin kansa ƙarfi. Ashe akwai wani abu ɓoye a ciki! A 1898 ita da mijinta suka gano sinadarai biyu, poloniyam da radiyam. Ta shekara huɗu cikin wata tsohuwar rumfa mai yoyo, tana dafa tulin dutsen nan, tana motsawa da sandan ƙarfe. Abin da ta tace bai fi ƙwayar shinkafa biyar nauyi ba.

Aka ba ta lambar Nobel a 1903, ita ce mace ta farko, aka ƙara mata wata a 1911. A tsakani keken doki ya take Piyer, ya mutu.

Sai dai ba a san haɗarin hasken nan sosai ba tukuna. Takan sa kwalbar radiyam a aljihu, yatsunta suka ƙone. Lokacin Yaƙin Duniya na Farko kuma ta yi ta ɗaukar hoton ƙashin sojoji ba tare da isasshiyar kariya ba. A hankali ɓargonta ya kasa yin jini, ta rasu a 1934.

Yanzu masu irin wannan aiki sukan fake bayan dalma, su nisanci abin, su taƙaita zama kusa da shi. Littattafan da ta rubuta da hannunta har yau cikin akwatunan dalma suke a Paris, gama radiyam sai ya shekara 1,600 kafin ƙarfinsa ya ragu da rabi.