AJAYI, YARON DA AKA RABA DA GIDANSU

 In Allah ya ba ka iya karatu, tara mutanen gidanka da dare bayan an ci tuwo, ka karanta masu wannan labari da ƙarfi, gama na manya ne da yara. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Amma akwai wanda bai bar gida da son ransa ba, fizge shi aka yi da ƙarfi. Ga labarin wani mutum irin wannan. Sunansa Samuel Ajayi Crowther. Ba tatsuniya ba ce, abin da ya faru ne.

Ranar da gari ya ci wuta

An haifi Ajayi wajen shekara ta 1809 a Oshogun, wani gari na Yarabawa cikin ƙasar da ake kira Nijeriya yanzu. Yana da uba da uwa da ƙanne mata, kamar yaron gidanka. Mutanen gidansu ba su taɓa jin sunan Yesu ba, addinin kakanninsu suke bi.

Zamanin kuwa na tashin hankali ne. Mulkin Oyo yana wargajewa, mayaƙa suna bin garuruwa suna kama mutane domin sayarwa. A farkon 1821, wata rana da hantsi, mata suna cikin shirya abinci, sai aka ji abokan gaba sun kewaye garin. Uban Ajayi ya shigo gida da sauri, ya ce ma iyalinsa su gudu, ya koma waje. Daga ranan nan yaron bai ƙara ganin ubansa ba. Kafin su yi nisa aka kama shi, shi da uwarsa Afala da ƙannensa biyu, ɗaya jaririya ce a goye. Aka sa masu igiya a wuya, aka kora su kamar awaki, garinsu yana cin wuta a bayansu. Shekarunsa wajen 12 ke nan.

Da aka raba ganima, aka raba uwa da ɗa. Wanda ya sami Ajayi ya yi musayarsa da doki. Bayan wata biyu dokin bai gamshi mai shi ba, aka warware ciniki, aka maido yaron. Daga baya aka kai shi kasuwa aka sayar. Haka ya yi ta wucewa daga hannu zuwa hannu, wani lokaci a bakin taba, wani lokaci a bakin giya, kullum ana ƙara yin kudu da shi, har ya kai inda ba ya jin harshen mutane sosai. Baƙin ciki da tsoron Turawan Fotugal suka cika shi har ya nemi ya kashe kansa. Amma Allah, wanda shi bai sani ba tukuna, ya tsare ransa.

Dubi ɗanka da ke zaune kusa da kai yanzu. Ka taɓa gode ma Allah domin ya kwana cikin ɗakinka, ba wanda ya zo da igiya?

Gidan baƙunci

A Ikko, watau Legas, aka sayar da shi ga fataken Fotugal. Suka ɗaure shi da sarƙa, suka sa shi cikin jirgin ruwa tare da bayi fiye da 180, za a ƙetare teku da su. A lokacin nan Ingila ta riga ta hana cinikin bayi, jiragenta na yaƙi suna tsaron bakin teku. Cikin watan Afrilu 1822 suka tare wannan jirgi kafin ya yi nisa. Ajayi bai san ceto ne ya zo ba. Da ya ga naman alade a rataye cikin jirgin Ingilishi, ya yi tsammani naman ƴan'uwansa ne. Sai da aka kwance shi, aka ba shi abinci da tufafi, sa'an nan hankalinsa ya kwanta.

Aka sauke su a Firitawun, ƙasar Saliyo, cikin watan Yuni. Nan ake ajiye bayin da aka ƙwato, daga kabilu iri iri, har da Hausawa. Aka sa shi hannun ƴan mishan a wani ƙauye. Cikin wata shida ya iya karanta Sabon Alkawari, ya koyi aikin kafinta kuma. A cikin Littafin nan ya gamu da labarin Ɗan Allah, wanda ya bar gidan Ubansa da son ransa, aka sayar da shi shi ma da kuɗin azurfa, ya mutu domin ya fanshi bayin zunubi. Ajayi ya ba da gaskiya. Ran 11 ga Disamba 1825 aka yi masa baftisma, ya ɗauki sunan Samuel Crowther. Samuel shi ne Sama'ila cikin Littafi Mai Tsarki na Hausa.

A 1827 ya zama ɗalibi na fari a makarantar Fura Be, wadda aka buɗe domin horar da malamai da masu wa'azi. Ya auri wata yarinya, Asano, wadda ita ma daga jirgin bayi aka ƙwato ta, sunanta na baftisma Susan. Marayu biyu suka kafa gida, Allah ya ba su ɗiya maza da mata, suka zauna tare wajen shekara 50. Lokacin da ya rubuta labarin kamunsa a 1837, ya nuna ranar nan ta baƙin ciki ce ƙwarai, amma ya lissafta ta ranar albarka kuma, domin ta wurinta ne aka kai shi inda ya san Kristi. Wannan ya tuna mana da Yusufu ɗan Yakubu, wanda aka sayar zuwa Masar. Karanta Farawa sura 50, ka ga yadda Allah ya juya muguntar mutane ta zama hanyar ceton rayuka. Muguntar dai tana nan muguntarta, masu sayar da mutane za su amsa a gaban Allah. Amma ikon ƙarshe ba a hannunsu yake ba.

Bayan shekara 25

A 1841 gwamnatin Ingila ta aiki jirage su hau kogin Kwara, kogin nan da ya ratsa Yamai da Gaya kafin ya gangara teku. Ajayi yana ciki, tare da wani ɗan mishan Bajamushe mai suna Schön, wanda ya ba da ransa ga koyon Hausa. Daga baya Schön ya juya waɗansu littattafan Sabon Alkawari zuwa harshenmu da taimakon Dorugu, wani yaron ƙasar Damagaram da shi ma aka raba da gidansu ta hanyar bauta. Zazzaɓi ya kashe Turawa da yawa a tafiyar 1841. Shugabannin mishan suka gane aikin bishara a ƙasashen nan yana bukatar ƴan ƙasa. Aka kira Ajayi Landan, aka naɗa shi fasto a 1843, aka aike shi ƙasar Yarabawa.

Ya iso Abekuta cikin watan Agusta 1846. Birni ne da ƴan gudun hijira suka gina, waɗanda yaƙi ya watsa garuruwansu. Bai cika sati uku ba sai ga wata tsohuwa ta zo nemansa. Afala ce, uwarsa. Shekara 25 ba ta san ko yana da rai ba. Suka riƙe juna, jikinta yana rawa, hawaye suna zuba, magana ta gagara. Ita ma ta sha bauta cikin shekarun nan. Ba da daɗewa ba ya sami ƙannensa, ya fanshe su da ƴaƴansu daga hannun waɗanda suka kama su. A 1848 aka yi ma uwarsa baftisma, tana cikin masu bi na fari a Abekuta. Aka sa mata suna Hannatu, kamar uwar Sama'ila ta cikin Littafi. Ta yi tsawon rai ƙwarai, ta ga jikoki da tattaɓa kunne.

Allah ya maido masa da uwa, amma uba da ɗakin da aka haife shi ba su komo ba. Abin da aka maido, ya karɓa da godiya. Ya kuma ba tsohuwar abin da ya fi tsohon gidansu daraja, watau labarin gidan da ba a iya ƙonewa.

Gidaje masu rushewa

Kada ka yi tsammani daga nan ya zauna ya huta. A 1854 ya hau Kwara da Binuwai. A 1857 ya kafa aikin bishara a Anaca, ya wuce arewa, sai jirginsu ya bugi dutse kusa da Jebba ya lalace. Suka zauna bakin kogi cikin bukkoki wata da watanni, shi kuwa ya yi amfani da zaman nan wajen koyon Nufanci. Yakan je Bida gaida Sarki Masaba, yana magana da Musulmi cikin ladabi, ba zagi, yana ba sarakuna Littafi Mai Tsarki na Larabci kyauta.

A ƙarshen 1862 gobara ta cinye gidansa a Ikko. Takardun da ya yi shekaru yana tarawa, kalmomi da karin magana na harsuna dabam dabam, suka zama toka. Karo na biyu ke nan wuta ta ci masa gida. Ya sake ɗaukar alƙalami. Shi da abokan aikinsa suka juya Littafi Mai Tsarki duka zuwa Yarabanci, Yarabawa suna morewa har wa yau.

Ran 29 ga Yuni 1864 aka naɗa shi bishop a babbar majami'ar Kantabari ta Ingila, shi ne baƙar fata na fari da ya sami wannan matsayi a ikkilisiyar Anglikan. Cikin taron akwai Leeke, shugaban jirgin yaƙin da ya ƙwato shi shekara 42 da suka wuce. Yaron da aka yi musayarsa da doki ya zama makiyayin ikkilisiyoyin bakin Kwara.

Sai tsufa ya zo da nasa. Matarsa ta rasu a 1880, uwarsa ta bi bayanta. Abin da ya fi zafi kuwa daga cikin gidan masu bi ya fito. A 1890 waɗansu samarin ƴan mishan daga Ingila suka zo da ƙwazo mai yawa da girmamawa kaɗan. A wani taro a Anaca suka kushe aikinsa, suka dakatar da fastoci ƴan ƙasa, har da ɗansa Dandeson, suka yi ma dattijon magana irin wadda ba a yi ma uba. Ya sauka daga shugabancin kwamitin, bai rama da zagi ba. Shekarar da ta biyo ciwon shanyewar jiki ya kama shi, ya rasu a Ikko ran 31 ga Disamba 1891, yana da shekara fiye da 80. Sai a 2014 Babban Bishop na Kantabari ya furta a fili an zalunce shi, ya nemi gafara.

Ko kabarinsa bai tsaya wuri ɗaya ba. A 1971 gwamnati ta bukaci filin maƙabartar, daga baya aka tone ƙasusuwansa aka sake binne su a babbar majami'ar Kristi ta Legas.

Kai fa?

Abu biyu wannan labari yake koya mana, kuma dole a riƙe su tare.

Na fari, gode ma Allah domin gidan da kake ciki. Wataƙila ɗakinka na kara ne, darni ya karkace, hatsin rumbu ba zai kai damina ba. Duk da haka kana da inda ake kiranka da sunanka, kana da wadda za ta miƙo maka fura in ka komo daga gona. Ajayi ya yi shekara 25 bai ji muryar uwarsa ba. Dattawanmu da suka ga farin 1973 da na 1984 sun san yadda ƙauye yakan watse cikin wata kaɗan, a bar ɗakuna ga gara. Godiya kuwa ba ta baki kaɗai ba ce. Maigida, mai godiya ba ya mai da gidansa wurin tsawa da duka. Uwargida, mai godiya ba ta auna ɗakinta da na maƙwabciya kullum. Saurayi mai tafiya ci rani, aika saƙo, ka tuna da tsofaffinka tun suna da rai. In baƙo ko maraya ya tsaya a ƙofarku, buɗe masa. Da ba a buɗe ma wani yaro mara kowa ƙofa a Saliyo ba, da Yarabawa sun daɗe suna jiran Littafi cikin harshensu.

Na biyu, kada ka ɗora begenka duka bisa gidan nan. An ce baƙo raɓa ne, mu duka kuwa baƙi ne a duniya. Wuta ta ci gidan Ajayi sau biyu, ruwa ya ci jirginsa, mutuwa ta ɗauke matarsa, abokan aiki suka ture shi, aka kawar da kabarinsa. Da a ce waɗannan ne iyakar abin da yake da shi, da ya mutu hannu wofi. Amma tun yana saurayi ya riƙe alkawarin da ke cikin Yohanna sura 14, inda Ubangiji Yesu ya tabbatar ma almajiransa akwai wurin zama isasshe a wurin Ubansa, shi kansa ne mai shirya shi, shi ne kuma hanyar zuwa. Ibraniyawa sura 11 ta nuna Ibrahim ya ƙare ransa cikin tanti yana sauraron birnin da Allah ya gina. Ru'ya ta Yohanna sura 21 ta nuna a can mutuwa da makoki sun ƙare. Ba mai hari da zai kewaye wannan birni, fari ba ya kai can.

Amma ba a shiga gidan wani sai da yardar mai gida. Zunubi ya raba mu da Allah, ya sa mana igiyar da ta fi ta fataken bayi ƙarfi. Yaron da ke ɗaure cikin jirgi bai iya kwance kansa ba, sai da wani ya zo daga waje. Haka mu ma. Yesu Kristi ya mutu bisa gicciye, ya tashi rana ta uku, domin ya kwance ka ya mai da kai ɗan gida. Haihuwa cikin gidan Kirista ba ta isa ba, zuwa majami'a ran Lahadi bai isa ba. Sai kai da kanka ka tuba, ka ba da gaskiya gare shi.

Kafin ku tashi daga tabarma yau, bari kowane ɗayanku, daga maigida har ƙaramin yaro, ya faɗi abu ɗaya na gidan nan da yake gode ma Allah dominsa. Sa'an nan ku tambayi juna ko kowa ya karɓi Mai Ceto. In akwai wanda bai tabbata ba, ya je wurin fasto ko dattijon ikkilisiya cikin satin nan, kada ya jira sai kaka. Ubangiji ya kiyaye gidanku, ya tara ku duka a nasa. Amin.